Wane littafi zan ɗauka bayan na Guderian? Neman shawara kan yaƙin tankoki da motoci masu sulke

Sabon_Ɗalibi: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema. Jiya na gama Panzer Leader na Janar Guderian kuma wallahi littafin ya tafi da ni, har na ji ina son in zurfafa a harkar yaƙin tankoki tun daga farkonsa har zuwa yau. Abin da na fahimta shi ne Jamusawa ne suka ƙirƙiro dabarar gaba ɗayanta, kuma ba don shisshigin Hitler da sanyin Rasha ba da babu mai iya taka musu birki. To yanzu wanne zan ɗauka? Wani ya ce min Lost Victories na Manstein, wani kuma ya ce Panzer Battles na Mellenthin. Turancina na karatu ba laifi amma ba na son littafin da zai cika ni da lambobin runduna har kaina ya ɗauki zafi.

Ɗan_Tarihi: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa waɗannan biyun da aka ba ka da wanda ka gama duk kanwar ja ce. Janar-janar ne da aka ci su da yaƙi, suka zauna a shekarun 1950 kowa yana wanke kansa, Hitler kuma ya mutu balle ya ce ƙarya kuke. Duk nasara tasu ce, duk kaye na Hitler ne ko na laka ko na ƙanƙara. Shi Manstein ɗin ma kotun sojan Birtaniya ta same shi da laifukan yaƙi a Hamburg a 1949, aka sake shi a 1953, amma ka duba littafinsa ka ga ko za ka tsinci wannan ɓangaren. Ban ce kada ka karanta su ba, amma kada su zama su ne tubalin farko. Ka nemi The Blitzkrieg Legend na Karl-Heinz Frieser, shi ma hafsan sojan Jamus ne amma masanin tarihi, ya bi takardun 1940 ɗaya bayan ɗaya.

Maigemu: Ni fa ban yarda da wannan raina littattafan janar-janar da aka fara yayi ba. Mutum ya jagoranci tankoki ya haye kogin Meuse a Sedan ranar 13 ga Mayu 1940, mako guda bayan nan yana bakin teku, sannan wani farfesa da bai taɓa jin ƙarar harsashi ba ya zo ya ce shi ya fi shi sani? Haba.

Ɗan_Tarihi: Malam Maigemu babu wanda ya ce bai iya yaƙi ba. Iya yaƙi daban, faɗin gaskiya daban. Ga misali ɗaya ƙarami, a fassarar Turanci ta Panzer Leader akwai inda Guderian yake yaba wa Liddell Hart na Ingila a matsayin wanda ya haska masa hanya. Wannan sakin layin babu shi a asalin bugun Jamusanci, kuma wasiƙun da suka yi wa juna sun nuna shi Liddell Hart ɗin ne ya roƙi a saka. John Mearsheimer ya yi littafi guda a 1988 a kan yadda mutumin ya gyara sunansa bayan yaƙi. Idan har za a ƙara sakin layi don a faranta wa aboki, me kake tsammani game da abin da zai kai mutum kurkuku?

Sabon_Ɗalibi: Ikon Allah. Wannan wurin har layi na ja masa da biro fa.

Malama_Hauwa: Ni zan ɗan koma baya kaɗan saboda maganarka ta cewa Jamusawa ne suka ƙirƙiro. Tanka dai Birtaniya ce ta fara shigar da ita fagen daga, 15 ga Satumba 1916 a yaƙin Somme, guda 49 aka tanada kuma da yawa sun mace a hanya tun kafin su isa. Sunan ma na ɓad-da-sawu ne, an ce wa ma'aikata tankunan ruwa ake ƙerawa don kada labari ya fita, shi ya sa har yau sunan ya zo ɗaya da na tankin ruwa. A Cambrai a Nuwamba 1917 ne aka fara zuba su da yawa, sama da 400. Fuller, hafsan sojan Birtaniya, ya rubuta shirinsa na 1919, De Gaulle ya fitar da nasa littafin a 1934, shi kuma Achtung Panzer na Guderian sai 1937. Kowa yana karanta na kowa a lokacin. Idan kana son abu guda da zai ɗauke ka daga can farko ya kawo ka ƙarshen ƙarni ba tare da ciwon kai ba, to Combined Arms Warfare in the Twentieth Century na Jonathan House. Tsohon bugunsa na 1984 mai suna Toward Combined Arms Warfare sojan Amurka ne suka wallafa kuma yana nan a intanet kyauta. Da shi nake fara wa duk wanda ya tambaye ni, don tun a shafukan farko zai cire maka tunanin cewa tanka ita kaɗai take yaƙi.

Maigemu: Malama ai ba a wanda ya fara ake magana ba, a wanda ya iya ake yi. Faransa da Ingila sun fara, to me ya hana su a 1940?

Malama_Hauwa: Tambayarka ita ce ainihin abin da Frieser ya amsa. Sojojin ƙawance sun fi Jamus yawan tankoki a Mayun 1940, kuma Char B1 da Somua na Faransa sun fi yawancin na Jamus kaurin sulke, don da yawan na Jamus Panzer I da II ne, ƙanana. Amma ka leƙa ciki. A tankar Faransa mutum ɗaya ne a kokon saman da ke juyawa, shi ne kwamanda, shi zai ɗura harsashi, shi zai saita, shi zai harba, kuma idan shugaban ayari ne shi zai lura da sauran. A Panzer III mutum uku ne a wurin, kwamanda ba shi da aiki sai kallo da ba da umarni, ga rediyo a kusan kowace tanka. Sannan Jamus ta tara nata a runduna 10 ta cusa mafi yawansu ta dajin Ardennes, Faransa kuma ta rarraba mafi yawan nata. Duk da haka Frieser ya nuna cunkoson da suka yi a hanyoyin Ardennes ya isa a ce da an yi musu ruwan bama-bamai da labari ya sha bamban, kuma manyan Berlin su kansu nasarar ta ba su mamaki.

Kanikanci_Zalla: Ku dai kuna ta janar-janar. Ni makaniken manyan injina ne, katafila da makamantansu, kuma abin da ya fara jawo ni harkar nan shi ne tambayar waye yake gyara su. Duk abin da ke tafiya a kan sarƙa yana cin kansa ne a kowace kilomita, fil ɗin sarƙa yana gogewa, giya tana shan wuya. Tankar Panther ta Jamus da ake ta kurantawa, kusan 200 aka kai Kursk a Yulin 1943 kuma kafin a yi kwana kaɗan yawancinsu suna tsaye, ba duka abokan gaba suka harbe ba, inji ne ke kamawa da wuta, giyar ƙarshe da ke juya sarƙa tana karyewa. Ka karanta Supplying War na Martin van Creveld, 1977. Babin Rommel a Arewacin Afirka kaɗai ya isa, za ka ga yadda motocin dakon mai suke shanye wani kaso mai yawa na man da suka ɗauko kafin su isa bakin daga saboda nisan hanya daga tashar jirgin ruwa ta Tarabulus. Kuma a sani, sojan Jamus da suka shiga Tarayyar Sobiyet a 1941 da dawakai sama da 600,000 suka shiga. Dawakai fa. Hotunan da ake nuna mana na tankoki ne kawai saboda doki ba ya kyau a farfaganda.

Abu_Fury: Tunda an zo maganar gyara, Death Traps na Belton Cooper. Shi ma jami'in gyaran tankoki ne a runduna ta 3 ta sulke ta Amurka, ya faɗi yadda suke wanke jini da naman mutane daga cikin tankarsu Sherman su yi mata fenti su miƙa wa sababbin yara. Sherman akwatin gawa ce kawai, Tiger ta Jamus ɗaya sai ta ci biyar.

Kanikanci_Zalla: Inda Cooper ya faɗi abin da ya gani da idonsa a wurin gyara ina tare da shi ɗari bisa ɗari, wannan wankin da ka ambata ma na kasa cin gaba da karatu a daren. Amma inda ya koma yana bayanin abin da manya suka yanke a ofis, kamar cewa Janar Patton ne ya hana a kawo sabuwar tankar Pershing da wuri, masana sun bi takardu ba su samu haka ba. Littafin a 1998 ya fito, shekara hamsin da wani abu bayan yaƙin. Ka haɗa shi da Armored Thunderbolt na Steven Zaloga. Wutar da Sherman ke yi yawanci daga harsasan da aka jera a gefe ne ba daga fetur ba, su ma tankokin Jamus ai fetur suke sha, kuma da aka mayar da harsasan ƙasa cikin akwatuna masu ruwa gobarar ta ragu sosai. Sannan Tiger I guda 1,347 aka ƙera gaba ɗaya, Sherman kusan 49,000, kuma kowace sai an ɗora ta a jirgin ruwa an tsallaka teku da ita, dole nauyinta ya tsaya inda ƙugiyar tasha da gadojin soja za su iya ɗauka.

Abu_Fury: To shi ke nan an rusa min fim ɗina na Fury hhhh. Amma Tiger ɗin cikinsa ta gaske ce ai, ta gidan tarihi na Bovington.

Kanikanci_Zalla: Ta gaske ce, Tiger 131, a Tunisiya aka kama ta a 1943.

Baba_Sajan: Yara kuna burge ni. Ni na yi shekaru a cikin motar sulke kafin in ajiye kaki, bari in faɗa muku abin da ban cika gani a littafi ba. Idan ka rufe murfi ka zama makaho kurma. Abin da kake gani ta madubin nan bai fi ka leƙa ta ramin makulli ba, ƙura ta rufe shi, ƙarar inji ta cika kunne, mutum zai iya tsayawa taku biyar a gefenka da abin harbi ba ka sani ba. Shi ya sa kwamandan kirki kansa a waje yake, shi ya sa kuma su ake fara rasawa. Kuma in an tsaya da yamma sojan ƙasa zai kwanta, kai kuwa yanzu ka fara aiki, a duba sarƙa a ɗaure, a fitar da matatar iska a kakkaɓe, a sa giris, a sha mai, a ɗura harsasai da hannu ɗaya bayan ɗaya. Akwai ranar da sarƙa ta zame mana a cikin taɓo, mu huɗu muka kwana da guduma da ƙarfen bincira, gari ya waye hannuna ko kofi ba ya iya riƙewa. Wanda na karanta na ce wannan ya zauna a ciki shi ne Brazen Chariots na Robert Crisp, ɗan Afirka ta Kudu da ya yi yaƙin hamadar Libiya a Nuwamban 1941 cikin ƙaramar tanka Stuart. Rabin littafin bai san inda yake ba, bai san inda abokan gaba suke ba, mai yana ƙarewa, barci yana ɗibarsa. Haka abin yake.

Sabon_Ɗalibi: Allah ya ƙara girma Baba. Wannan bayanin ya fi min wani babin.

Ɗan_Tarihi: Allah ya ja kwana Baba. Sabon_Ɗalibi mu dawo kan sanyin Rasha da ka ce. Wannan ma daga littattafan janar-janar ɗin ya samo asali, saboda bayan yaƙi sojan Amurka sun ɗauki tsofaffin hafsoshin Jamus ƙarƙashin Halder su rubuta musu tarihin gabas, Sobiyet kuma ta rufe nata takardun, sai duniya ta shekara arba'in tana jin bakin mutum ɗaya. When Titans Clashed na David Glantz da shi House ɗin da Malama ta ambata, 1995, shi ne maganin wannan. Rashawa suna da tasu dabarar tun shekarun 1920 da 1930, su Triandafillov da Tukhachevsky, wato a fasa layi a wurare da yawa sannan a tura runduna ta biyu ta wuce can ciki ta hana abokin gaba sake tsayawa. Stalin ya sa an harbe Tukhachevsky a Yunin 1937, suka biya kuɗin wannan da jini a 1941. Amma ka duba farmakinsu na Bagration a Yunin 1944, tsakiyar zafi babu ƙanƙara ko ɗaya, cikin kwana goma sha biyu suna Minsk, rundunar tsakiya ta Jamus ta ruguje, har aka zagaya da fursunoni 57,000 a titunan Mosko ranar 17 ga Yuli.

Maigemu: Da motocin Amurka suka yi ai. Studebaker. A faɗi wannan ma.

Ɗan_Tarihi: Gaskiyarka, kusan 400,000 tsakanin manyan motoci da jif, kuma Glantz bai ɓoye ba. Sai dai ina gargaɗin mai tambaya, When Titans Clashed kaɗai za ka taɓa a cikin na Glantz yanzu. Sauran irin na Stalingrad lambobin rundunar da ka ce ba ka so ne tsagwaronsu, ni kaina da taswira a gefe nake bin su ina ja da fensir.

Malama_Hauwa: Maganar taswira, ku kula da bugun da kuke saya. Na taɓa yin odar wani ta intanet ya zo taswirorin duk sun dushe kamar an jiƙa su, sunan gari ba ya karantuwa, na yi ta rubuta wa mai sayarwar bai ko amsa ba. Littafin yaƙi babu taswira ai lalube ne cikin duhu.

Zakin_Hamada: Duk kun tsaya a Turai kamar nan kaɗai aka yi yaƙin tanka. Yaƙin Masar da Siriya da Isra'ila na Oktoban 1973 fa? Ni a ganina wanda yake son fahimtar na zamani daga nan zai fara, kuma daɗin abin kowane ɓangare ya rubuta. The Crossing of the Suez na Janar Saad el-Shazly, babban hafsan sojan Masar, ya bayyana yadda suka narkar da tudun yashin layin Bar Lev na Isra'ila a bakin mashigin Suez da famfunan ruwa masu ƙarfi ranar 6 ga wata, suka tsallakar da sojan ƙasa ɗauke da makamai masu linzami na Sagger da RPG-7 tun kafin tankokinsu su haye. Tankokin Isra'ila suka taho a guje su kaɗai babu sojan ƙasa babu atilare kamar yadda suka saba a 1967, aka yi musu kaca-kaca, musamman ranar 8. Sai kuma ranar 14 aka tilasta wa Masar ta fito daga inuwar makamanta na kakkaɓo jirage, Shazly ya ce kada a yi aka ƙi ji, suka yi asarar tankoki sama da 200 a yini ɗaya. Daga can ɓangaren akwai On the Banks of the Suez na Avraham Adan, sannan The Heights of Courage na Kahalani a kan tuddan Golan, inda tankoki ƙasa da 200 suka tari sama da 1,000 na Siriya. Abin da ya tsaya min a rai a nan shi ne na Siriya suna da na'urar gani da dare na Isra'ila kuma babu, amma bindigar tankarsu Centurion tana iya sunkuyawa ƙasa sosai, sai su laɓe bayan tudu kai kawai ke leƙowa.

Maigemu: To ai ga shi, Shazly da Adan da Kahalani ba janar-janar da hafsoshi ba ne masu ba da labarin kansu? Me ya sa nasu ya halatta na Manstein ya haramta?

Ɗan_Tarihi: Bai haramta ba Malam. Shazly ma yana da nasa haushin da Sadat kuma ana jin sa a kowane babi, Adan yana da nasa da Sharon. Bambancin kana da su biyun ka ajiye gefe da gefe. Ni dai wannan nake cewa tun ɗazu.

Zakin_Hamada: Kuma kada a manta da Chadi da Libiya a 1987. Dakarun Hassan Djamous da Toyota a-kori-kura da makaman fasa tanka na MILAN da Faransa ta ba su suka tarwatsa tankokin T-55 a Fada a farkon Janairu, sannan Wadi Doum a Maris. Kenneth Pollack ya yi babi a kan Libiya a Arabs at War. Shi ma yaƙin injina ne ai ko da babu sulke, gudu da sanin ƙasa suka maye gurbinsa.

Abu_Fury: Ni fa duk wannan ina ganin tarihi ne kawai yanzu. Duron, jirgi maras matuƙi, na 'yan daloli kaɗan yana fasa tankar miliyoyi, mun gani a Karabakh a 2020 mun gani a Yukren. Tanka ta mutu, a karanta littafin duron kawai.

Malama_Hauwa: An yi mata wannan jana'izar a 1973 saboda Sagger, sai ga ta a gumurzun 73 Easting a Iraƙi ranar 26 ga Fabrairun 1991 tana cin karenta babu babbaka. Ban ce duron wasa ba ne, ya canza abubuwa da gaske, yanzu ɓuya ta yi wuya kuma tara motoci wuri ɗaya ya zama haɗari. Amma ayarin Rasha mai tsawon kusan kilomita 60 da ya maƙale a arewacin Kyiv a 2022 matsalar mai da hanya da tsari ce, irin wadda Kanikanci_Zalla ya faɗa a sama. Grozny ta Chechniya ma a daren shiga 1995 babu duron, Rasha ta tura motocin sulke cikin tituna babu sojan ƙasa a gefensu, aka ƙone su daga saman benaye da ƙarƙashin gidaje. Military Power na Stephen Biddle, 2004, yana da nauyi kaɗan amma hujjarsa ita ce yadda ake amfani da dakaru ya fi nau'in makami tasiri. Na Yukren kuwa a bi rahotannin RUSI, cibiyar nazarin tsaro ta Birtaniya, tukuna, yaƙin da ake cikinsa littafinsa saurin tsufa yake yi.

Baba_Sajan: 'Yata duk wanda ya ce ta mutu a tambaye shi da me zai tsallaka fili ana ruwan wuta. Da ƙafa? Ni na san abin da na fi so in kasance a ciki.

Abu_Fury: Baba ni kuma na ga bidiyon da ya sa ba na son in kasance a ciki wallahi.

Sabon_Ɗalibi: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na sauke na House na 1984 ɗin yanzu, zan bi shi da Brazen Chariots saboda Baba, sannan Frieser. Amma Malam Maigemu kada ka ji komai, Manstein ma yana layi, sai dai zan sa shi bayan Glantz in ga inda za su yi karo. Tambaya ɗaya, akwai wanda ya rubuta daga cikin tankar Sobiyet irin yadda Crisp ya yi? Duk waɗanda aka ambata na can manya ne.

Ɗan_Tarihi: Dmitriy Loza, Commanding the Red Army's Sherman Tanks. Abin dariyar ma Sherman ya tuƙa ba T-34 ba, kuma yabonta yake yi. A kai wa Abu_Fury kwafi.

Jarumi_99: Slm yanzu na shigo ban karanta na sama ba. Ɗan'uwa ka nemi Lost Victories na Manstein, shi ne ƙarshe, zai nuna maka yadda Hitler ya ɓata komai.

Maigemu: Yauwa, ga ɗan gari ya zo. Zauna nan kusa da ni.